Rumbun Kawu

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, aikina shi ne miƙa ruwa. Na zauna a bakin ƙofar falon Hajiya, matarsa, da tire a kan cinyata. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa ta ce ya haƙuri, a amsa mata da godiya, sannan ta nemi wuri ta zauna ta fara yabonsa. Wata ta ce bai taɓa ganin ta a titi tana jiran mota ya wuce ba. Wata ta ce shi ya ɗauki mijinta zuwa asibiti ranar da ya yanke jiki ya faɗi. Wata tsohuwa daga dangin Hajiya ta ce ai babban injiniya ne, na wuta ne ko na ruwa, ba ta riƙe ba. Ta kusa da ita ta gyara mata, ta ce a'a, gyaran kwamfuta yake yi. Sai suka juya ga Umma, mahaifiyata, tunda ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita za ta raba gardama. Umma ta ce aikin kwamfuta dai, ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ba ta san fiye da haka ba, kuma ina jin a ranar ne ta gane ba ta sani ba.

A waje maza sun cika harabar gidan. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi tun daga get har gindin mangwaro. Maƙwabtanmu na unguwar Nassarawa, waɗanda shekara da shekaru ba mu san komai nasu ba sai launin get ɗinsu, duk sun fito. Motoci masu hotunan 'yan takara a gilashin baya suna zuwa, a yi fatiha, su tafi. Mai gadinmu, dattijo mutumin Jigawa da ya fi shekara ashirin a gidan, ya ƙi zama. Yana tsaye yana buɗe get yana rufewa, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba.

Wajen azahar wata mata ta shigo, farin takalmin masu jinya yana leƙowa daga ƙarƙashin hijabinta. Ta yi wa Hajiya gaisuwa, ta zauna kaɗan, da za ta fita sai ta tsaya a kaina.

"Ke ce wadda yake kira Uwata?"

Na ce ni ce. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Ta ce ita ce shugabar masu jinya a wani ƙaramin asibiti a Gawuna, kuma Allah ya sani yau ba ranar wannan magana ba ce, amma ba ta san wanda za ta tambaya ba. Kwamfutar da suke ajiye bayanan marasa lafiya ta tsufa, tana ɗaukewa sau da yawa a yini. An ba su sabuwa, amma manhajar da Kawu ya rubuta musu ta ƙi tashi a kanta. Ya je ya duba, ya ce ƙaramin abu ne, guntu ɗaya zai canja a cikin rumbu ya sake haɗa musu, zai dawo ranar Alhamis. Ga shi yau Alhamis ɗin. Ta ce ya taɓa gaya mata yana da 'yar ƙanwa da ta san hanyar rumbun.

Na ce zan duba. Bayan ta tafi na leƙa ta tagar kicin. Ɗakin aikinsa yana can gefen get, jikin ɗakin mai gadi, ƙofarsa a rufe. Duk abin da matar nan take buƙata yana ciki, a cikin kwamfuta ɗaya, kuma babu shi a ko'ina a duniya sai nan. Tsakanina da ƙofar bai fi taku arba'in ba, amma duk takun a kan tabarmin maza yake.

Na zo gidan Kawu shekarar da na shiga jami'a, don ya fi gidanmu kusa da hanya. Adabi nake karantawa. Shi kuwa ya koyi kwamfuta tun lokacin da guda ɗaya take cika ɗaki, ya yi wa gwamnati aiki shekaru masu yawa, ya ajiye daidai lokacin da sojoji suka miƙa mulki. Abokansa da suka yi ritaya tare wasu suka shiga siyasa, wasu suka shiga kwamitoci. Shi sai ya share ɗakin ajiyar kaya na gefen get, ya sa tebur da fanka, ya shiga rubuta wa ƙananan wurare manhaja: asibitin unguwa, makarantar Islamiyya, kantin magani.

Rumbu shi ne sunan da ya sa wa tarin guntayen aikinsa. Ya ce duk wanda ya daɗe yana wannan sana'a zai gane matsalolin ba su da yawa, kaya kawai suke canjawa. Kowa yana son a jera masa sunaye, a nemo masa ɗaya a cikin dubu, a buga masa takarda, kada abin da ya rubuta ya ɓace in an ɗauke wuta. Don haka in ya warware matsala sau ɗaya, sai ya gyara maganin ya ajiye, ranar da ta dawo da wata riga ya ɗauko.

Wata Asabar da safe ya kira ni kicin, mai girkinmu tana suyar waina. Kwana biyu yana ƙoƙarin fahimtar da ni wani nau'in guntu da ake rubutawa a yaren kwamfuta na C++, ni kuma ina gyaɗa kai ba na ganewa. Ya nuna tanda da yatsa.

"Uwata, wannan tandar ta san ƙullun da za a zuba mata?"

Na ce ba ta sani ba. Ya ce to shi ke nan karatun. A zuba na shinkafa, a zuba na gero, gurbin ɗaya ne, siffar ɗaya za ta fito. Haka ya rubuta abin da yake jera sunaye: bai san ko marasa lafiya za a zuba masa ba, ko ɗalibai, ko kwalaben magani, shi dai ya iya jerawa. Mai girki ta ce in an gama karatun a matsa mata, mai yana fallatsi. Ya ɗauki waina ɗaya da zafinta yana hurawa, ya ƙara da cewa abin da ake kai wa mutane a sa musu a kwamfuta soyayyiyar waina ce, ana ci amma ba a mayar da ita ƙullu. Duk wanda yake son a canja masa wani abu, sai an dawo wajen mai tanda.

Sauran guntayen, waɗanda ake gani da ido a fuskar kwamfuta, ƙofofi da tagogi yake ce musu. Ya ce magini ba ya ƙera taga, wajen mai walda yake zuwa ya ɗauko ya kafa. Akwatin rubuta suna, akwatin kwanan wata, maɓallin bugawa, duk yana da nasa a jere. Kuma kowanne da tarihinsa.

Akwatin ranar haihuwa, misali, matar mai gadi ce sanadinsa. Ta je asibitin nan na Gawuna da ciwon ƙafa, katinta ya ɓace, ta yini a kan benci ana neman fayil ɗinta a cikin kwalaye, har aka tashi ba a gan ta ba. Mai gadi bai faɗa wa kowa ba, Kawu ne ya ga yana jiƙa mata ƙafa da ruwan gishiri ya tambaya. Washegari ya tafi asibitin da kansa, ya ce zai yi musu abin ajiye kati, kuma ba ya son a yi masa maganar lada sai wajen Allah. Da ya kai musu, sai aka maƙale a tambaya ta biyu. Akwatin kwanan watan da ya zo da kayan aikinsa daga waje ba ya yarda a wuce shi fayau, dole sai rana da wata da shekara. Tsofaffin da ke layi kuwa ba su san ranar haihuwarsu ba. Wata ta ce shekarar fara, wata ta ce ita dai ta yi wayo kafin a kawo famfo garinsu. Ma'aikaciyar da ke rubutawa sai ta riƙa sa wa kowa ɗaya ga watan farko. Kawu ya tsaya yana kallo har aka haifi mutum bakwai a rana ɗaya, sannan ya naɗe kayansa ya dawo gida. Mako guda ya yi a ɗaki. Akwatin da ya fito da shi yana karɓar cikakken kwanan wata in akwai, yana karɓar shekara kaɗai, yana karɓar kimanin shekaru, yana kuma karɓar ban sani ba. Daga nan ne ya sami maganar da ya riƙa maimaitawa har ya mutu, wai kada ka sa mutum ya yi ƙarya don akwatinka ya cika.

Ba mutum ne mai sauƙi ba kullum. In yana bin sawun wata matsala ba ya jin sallama. Abinci yakan huce a bakin ƙofarsa, Hajiya ta aika a ɗumama, ya sake hucewa, har ta ce a bar masa, in yunwa ta isa za ta yi masa sallamar da zai ji. Ya taɓa yi wa mai girki faɗan da ta yi kuka don ta zare masa wayar wutar kwamfuta ta jona dutsen guga. Da yamma ya je ya tsaya a ƙofar kicin yana susar kai, ya kasa ba ta haƙuri, sai ya ce miyar ranar ta yi daɗi. Bai ci ba ma.

Rigimar da ba zan manta ba ita ce tasa da Yaya, babban ɗansa, wanda ke aiki a Abuja. Ni da Yaya taubasai ne, tun ina ƙarama ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Shi yana ce mini Malama mai waƙa, ni ina ce masa Alhajin tumbi. A shekarun da suka biyo bayan ƙaddamar da shari'a a Kano, makarantu da ofisoshi suka fara son a sa musu kwanan wata biyu a kan takardunsu, na Musulunci da na Bature, kuma aikin ya yi wa Kawu yawa. Yaya ya zo hutu gab da azumi, ya kawo masa wani faifai cike da ƙofofi da tagogi na kamfanonin waje, har da kalandar Musulunci. Da kyakkyawar niyya ya kawo. Muna zaune mun gama cin abincin rana, ya ajiye faifan a gaban mahaifinsa ya ce duniya ta wuce wannan wahala, mutum ɗari sun zauna sun yi wannan, shi yana ɗaki shi kaɗai yana sassaƙa.

Kawu ya tashi, muka bi shi ɗakin. Ya sa faifan, ya buɗe kalandar. Ta nuna ɗaya ga Ramadan. A Kano kuwa ba a ga wata ba, kowa ya ci ya sha.

"To tashi ka kurkure baki," in ji Kawu. "Tun asuba kana azumi, ba ka sani ba."

Na yi dariya, kuma da na sani ban yi ba. Yaya ya ce ai ana iya gyarawa. Kawu ya ce da me, ƙofa ce da aka sayar maka aka riƙe makullin. Nasa akwatin ba ya lissafa wata da kansa. In ya kai ashirin da tara sai ya tsaya ya tambayi mai aiki ko an ga wata, kuma ba ya motsawa sai an amsa. Ya ce mu nan ba lissafi muke bi ba, shaida muke jira, kuma injin da bai iya jira ba bai san mu ba.

Ran Yaya ya ɓaci. Ya ce shekara talatin ana wannan sassaƙa, amma ko a Kano ba wanda ya san sunansa. Kawu ya zare faifan, ya goge shi da bakin rigarsa, ya mayar cikin gidansa a hankali. Yaya ya koma Abuja kafin Sallah.

Ba su taɓa zama sun sasanta ba. Bayan wata biyu direba ya kawo wani babban batir mai riƙe wuta, saƙo daga Abuja, ba takarda. Kawu ya jona shi, kuma duk baƙon da ya shiga ɗakin sai ya nuna masa ya ce ɗansa ne ya aiko. Wata rana kuma na kama shi yana amfani da abin buga takarda na cikin faifan nan. Ya ce na mutanen ya fi nasa kyau, gaskiya ce, kuma wanda ya sake gina abin da wani ya riga ya gina da kyau girman kai ne ke damunsa. Sai ya ɗaga yatsa ya ce in Alhajin tumbi ya ji wannan magana, ya san bakin da ta fito. Ban faɗa ba. Yanzu nake tunanin da na faɗa, da Yaya ya san mahaifinsa ya karɓi kyautarsa, wataƙila da ya riƙa shiga ɗakin, da ya san abin da ke ciki.

Babu wanda ya kai Kawu yi wa mutane wa'azin ajiye kwafi. Duk inda ya kai aiki sai ya tsare su sun kwashe bayanansu a faifai duk Juma'a, ya ce a kai wani gida a ajiye, kada gobara ɗaya ta ci biyu. Amma wanzami ba ya son jarfa. Nasa kwafin yana cikin faifan ajiya na biyu, a cikin kwamfutar da ke ɗauke da na farkon. Da na yi masa tsiya a kan haka, sai ya ce ba ya son rumbun ya fita daga ɗakin yana haka birkice. Burinsa shi ne ya share shi, ya rubuta wa kowane guntu bayani da Hausa mai sauƙi, sannan ya raba wa ɗalibai kyauta, duk yaron da ya tashi yi wa asibitin garinsu aiki kada ya fara daga fari. Amma shi in ya rubuta bayani, shi kaɗai ke ganewa. Ya ce ni Allah ya ba alƙalami, in zo mu yi tare, shi yana faɗa ina gyarawa.

Mun fara. Bayan la'asar nakan zauna a kujerar roba kusa da shi, ya buɗe guntu ya ba ni labarinsa, wa ya kawo matsalar, me ya gwada ya faskara, ni kuma ina rubutawa a kwamfutar. A nan na koyi inda komai yake da yadda ake haɗawa. Mun yi shafi tara. Sai jarrabawa ta matso, na ce a bari in gama. Na gama, sai bikin ƙawata. Sai na ce zafi ya yi yawa a ɗakin. Gaskiyar ita ce na fi son in kwanta a ɗakina ina rubuta baitoci a kan ruwan sama. Bai taɓa matsa mini ba. In muka haɗu a tsakar gida yakan ce, "Uwata, rumbu na gaishe ki," in ce ina amsawa, in wuce.

Ciwon kwana biyu ya yi. Ya dawo daga masallaci ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, aka kai shi asibiti, bai dawo ba.

Daren farko na makoki ban yi maganar ba. Washegari da safe na ja Umma gefe na ce ina son makullin ɗakin Kawu, akwai abin da zan kwafa. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Ta ce mutum bai kwana biyu a ƙasa ba, 'yar ƙanwarsa za ta ratsa maza ta shiga ɗakinsa tana taɓa kaya? Me dangin Hajiya za su ce? Ni ba magajiya ba ce, ko allura ba ni da ita a gidan nan, in bari a yi addu'ar uku a watse, ɗaki ba ya gudu. Na ga gaskiyarta. Yaya yana can tsakiyar rumfa yana karɓar gaisuwa, idanunsa sun kumbura, ban ga ta yadda zan aika a kira shi a kan maganar kwamfuta ba. Lambarsa tana cikin wayata. Na rubuta saƙo sau biyu na goge, don duk yadda na jera kalmomin sai su yi kama da na mai neman rabo. Kwana uku ina leƙen ƙofar ta tagar kicin, ina ganin ta a rufe, hankalina yana kwanciya.

Ranar huɗu da hantsi, an naɗe tabarmi, an sauke rumfa, na karɓi makulli wajen Hajiya. Teburin yana nan, da fanka, da kujerar roba. Inda kwamfutar take sai wani murabba'i mai tsabta a tsakiyar ƙura.

Mai gadi ne ya ba ni labari, yana murna da abin alherin da aka yi. Ranar biyu limamin unguwa ya yi nasiha a kan sadaka mai gudana, abin da ɗa zai yi wa mahaifinsa ladan ya riƙa isa kabari. Yaya ya tara ƙannensa, suka yarda a fitar da kwamfutar daga gado a ba wata Islamiyyar 'yan mata a Hotoro. Jiya ana tsakiyar addu'a, muna ciki muna rabon abinci, direba ya matso da mota bakin ɗakin. Kuma Yaya ya ce kada a kai ta haka. Akwai sunayen marasa lafiya a ciki, akwai asirin mutane da aka ba mahaifinsa amana, ba zai bari yara su buɗe su gani ba. A fara biyawa wajen mai gyara a wanke ta tas.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Mai gadi ya ce lafiya, Hajiya ƙarama, na ce jiri ne.

Na sa direba ya kai ni wajen mai gyaran. Mutum ne mai fara'a, ya yi mini ta'aziyya, ya ce faifai biyu ya tarar a ciki kuma duka ya wanke, tunda an ce na sadaka ne bai yi ha'inci ba. Sannan ya cika su da karatun alarammomi da darussan koyon bugu, har ba sauran wuri. Na tambaye shi ko ana iya dawo da abin da ke ciki da. Fara'arsa ta ragu. Ya ce da ba a zuba sabo a kai ba, da da magana.

Duk da haka ya bi ni Hotoro. Shugaban makarantar ya tarbe mu da murna, ya kai mu ajin da aka ajiye ta a kan tebur da sabon leda. 'Yan mata sun yi layi, kowace tana jiran ta buga sunanta ta gani. Na ce akwai wata takarda ta iyali da muke nema. Mai gyara ya yi awa biyu yana lalube. Abin da ya fito shi ne sunayen wasu fayiloli, ba komai a cikinsu. Na tsaya ina karantawa. Jeri. Nema. Jiran wata. Ban sani ba. In an ɗauke wuta. A ƙasa akwai ɗaya, Bayani na Uwata, shafukanmu tara. Na danna, ya buɗe fari fat.

Na koma Gawuna da kaina na gaya wa shugabar masu jinya. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na kai maganar wajen wasu da suka san aikin, kowa ya ce ba a kwance abin da aka riga aka haɗa, sai dai a rubuta sabo daga fari, kuma ba wanda ya san yadda Kawu ya tsara ajiyar bayanan balle ya kwashe su lafiya. Tsohuwar kwamfutar ta ƙara mako uku. Kafin ta mutu sun buga abin da suka iya a takarda, sun sayo kwalaye. Sauran wuraren da ya yi wa aiki har yanzu nasu yana tafiya, makarantu da kantuna a Kawaji da cikin gari, kuma ba su san komai ba. Kowanne zai yi ta aiki har ranar da injinsa zai tsaya, ko a canja firinta, ko a buƙaci ƙarin akwati ɗaya. Ranar za su nemi lambar Kawu. Haka zai riƙa mutuwa, wuri bayan wuri, ba mai yi wa kowa gaisuwa.

Ina zama in gwada tuna shafukan nan tara. Labaran suna nan a kaina, wa ya zo da wace matsala, me Kawu ya ce. Yadda ya warware kuwa, layi bayan layi, ban riƙe ko ɗaya ba. Abin da na iya riƙewa shi ne wanda ba ya tayar da kwamfutar kowa.

Yaya ya dawo don addu'ar arba'in. Ya rame, rigarsa tana lilo a jikinsa, ban iya kiran sa da sunan tsokana ba, shi ma bai kira ni ba. Da yamma ya same ni a gindin mangwaro ya zauna nesa kaɗan. Ya ce an gaya masa na je Hotoro. Ya ce tun maganar da ya faɗa wa Baba a ɗakin nan ba ya samun sukuni, bai taɓa neman gafararsa da baki ba, kullum yana cewa sai ya zo hutu. Wannan sadakar ita ce abu ɗaya da ya samu ya yi masa.

"Kin gan su suna amfani da ita?"

Na ce na gani, har layi suke yi.

"Da ya ji daɗi, ko?"

Na dube shi. Idonsa irin na Kawu ne, har yadda yake ƙanƙance su in yana jiran amsa. Na ce, "Da ya ji daɗi, Yaya."

Ya sunkuyar da kai ya yi kuka, irin na wanda aka sauke wa kaya. Ni kuma na ɗauka.

Yaya, na san wannan rubutu zai iso gare ka, kuma ta nan ne kaɗai na iya faɗa maka. Ba laifinka ba ne. Ka kare amanar mahaifinka da iyakar abin da ka sani, ni ce na sani na yi shiru, taku arba'in ya gagare ni. Ban rubuta don ka ɗauki rabin kayan ba. Na rubuta ne don in na ci gaba da yin shiru, ba wanda zai san abin da mutumin nan ya yi shekara da shekaru a ɗakin gefen get, har 'ya'yansa. Ka yafe mini amsar da na ba ka, ka yafe mini wannan ma.

Allah, bawanka ya zo maka ba da aikin hannunsa ba, don mun ɓatar da shi. Kai ba ka buƙatar kwafi. Ka karɓa masa abin da mu muka kasa riƙewa, ka yalwata masa kabarinsa, ka gafarta masa, ka gafarta mana.